Fari Aka Ce Mana, Ambaliya Muka Gani

 Yau batun sauyin yanayi za mu taɓa, amma ba ta ƙofar da aka saba shigarsa ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake isar da labarin ga mutanenmu, da yadda ƙarya ke samun wurin zama a inda masu gaskiya suka bar giɓi.

Shekara da shekaru ana gaya wa manomin arewa abu ɗaya: hamada na tahowa, ruwa zai ƙare, fari zai cinye ƙasa. Sai ga daminar 2024. Daren 9 wayewar 10 ga Satumba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga Maiduguri, ya mamaye Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. A farkon wannan watan dai tsohon masallacin Zinder, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rufta saboda ruwan sama. A Nijar kaɗai mutum fiye da 300 suka rasu a ambaliyar shekarar. To mutumin da aka ce masa ya shirya wa fari, kuma ya wayi gari katangarsa ta faɗi cikin ruwa, me kuke so ya ɗauka? Zai ce masana ba su san abin da suke faɗa ba. Daga nan duk wanda ya turo masa saƙon murya a WhatsApp da wani bayani mai daɗin ji, shi zai saurara.

Alhali masana sun san abin da suke faɗa. Mu ne masu kai saƙon muka yanke rabinsa muka bar rabi.

Bari in faɗi ainihin maganar a taƙaice, don ba ta da wuyar ganewa. Rana na ɗumama ƙasa, ƙasa kuma na mayar da zafin sama. Akwai wasu nau'o'in iska a sararin samaniya, ciki har da iskar kabon, da ke tare wani ɓangare na zafin nan, kamar yadda bargo ke tsare ɗumin jikin mai barci. Idan bargon ya ƙara kauri, gumi zai biyo baya. Ƙona kwal da man fetur da iskar gas, da sare dazuzzuka, su ke ƙara masa kauri. Wannan ba sabon zance ba ne. Wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta gwada shi a 1856, wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafinsa a 1896. Tun 1958 ake auna iskar a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai. A lokacin tana kusan kashi 315 cikin miliyan, yau ta haura 420, kuma kafin zamanin masana'antu 280 ce. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye ma'auni.

Ga kuma rabin da ba a cika gaya mana ba. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururin ruwa. Kowane ƙarin digiri ɗaya na ba ta damar riƙe ƙarin kusan kashi 7 cikin 100. Idan ta tashi sauke shi, da ƙarfi take saukewa. A 2017 wani ayarin masana ƙarƙashin Christopher Taylor na Ingila suka bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, daga 1982, suka gano cewa manyan hadarurrukan nan masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara na ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, kuma wannan bambancin ne ke ƙara wa hadarin ƙarfi. Saboda haka abin da ya dace manomi ya ji shi ne: ruwan zai riƙa zuwa a rikice, ya yi yawa a kwana ɗaya, ya ɗauke mako biyu ko uku shuka na tsakiyar girma, zafin bazara kuma ya ƙaru. Da haka aka gaya masa tun farko, da ranar da ruwa ya ci gidansa cewa zai yi: ai kuwa an faɗa.

Yanzu mu je Tafkin Chadi, don a nan ne na fi son mu daɗe. Babu taron sauyin yanayi da za a yi ba a ce tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin 100 ba. Shugabanni sun faɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya, 'yan jarida mun maimaita har ya zama kamar karatu. Akwai gaskiya a ciki. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980, bayan farin da ya addabi Sahel, ya dawo kusan 2,000. Sai dai labarin bai tsaya a 1980 da wani abu ba. Tafkin ba shi da zurfi, don haka ƙaramin canji a ruwan da ke shigarsa na iya sa ya bazu ko ya tattare da nisan kilomitoci. Kusan kashi 90 na ruwan kogunan da ke zuba cikinsa daga Shari da Logon yake fitowa, wato daga ruwan saman Afirka ta Tsakiya da Kamaru da kudancin Chadi. Komadugu Yobe, wanda kogin Haɗeja da na Jama'are ke ciyarwa, ɗan kaɗan yake kawowa. Ko a farkon ƙarni na 20 tafkin ya taɓa ja da baya sosai, ya kuma dawo. A 2020 wani bincike da aka yi da tauraron ɗan'adam, aka buga a mujallar Scientific Reports, ya nuna cewa a shekaru 20 da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba. Ɓangaren kudu ya tsaya daram, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ma yana ƙaruwa.

Wani zai ce to mene ne na damuwa, tun da manufar mai faɗin kashi 90 ɗin alheri ce, yana nema wa yankin taimako ne? Damuwar tana da yawa. Masuncin Baga ko na Bosso, da manomin da ke bin janyewar ruwa yana shuka masara da wake a danshin bakin tafki, sun fi kowa sanin inda ruwa ya tsaya bana da inda ya tsaya bara. Idan suka ji a rediyo ana cewa tafkin na gab da ɓacewa, alhali ruwa ya cinye gonakinsu a 2022 da 2024, sun gama yanke hukunci a kanmu. Na biyu, idan aka ɓata sunan cuta za a ɓata magani. Wanda ya yarda cewa matsalar ƙarancin ruwa ce kawai, hankalinsa zai tafi ga aikin janyo ruwa daga kogunan Kwango ta hanyar magudana mai tsawon fiye da kilomita 2,000, wanda aka tattauna a taron Abuja na 2018. Amma abin da ke karya mutanen tafkin a yau shi ne rashin sanin inda ruwa zai kai a kowace shekara, ga rashin tsaro da ya hana su ƙaura da kamun kifi da kiwo yadda iyayensu suka saba. Wannan na bukatar ma'aunin ruwa a koguna, da gargaɗi kan lokaci, da hanyoyi a buɗe. Sauyin yanayi na nan a tafkin, babu shakka, amma kamanninsa ba su ne waɗanda muke zanawa ba.

Akwai wani tsohon kuskure mai kama da wannan da ya bar tabo. Bayan farin farkon shekarun 1970, wani babban masanin yanayi, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo da ya bar ƙasa fayau na iya korar ruwan sama. Ra'ayi ne na bincike, amma duniya ta ɗauke shi a matsayin hukunci: makiyayi da manomin Sahel su suka jawo wa kansu fari. Sai a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa canjin zafin ruwan tekuna shi ne babban abin da ya juya daminar Sahel a waɗancan shekarun, wasu bincike kuma suka danganta wani ɓangare na canjin da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka. Ba ina cewa sare itace da yawan kiwo ba sa lalata ƙasa ba ne, suna lalatawa ƙwarai. Amma ɗora wa Bafulatani da garkensa alhakin ɗaukewar ruwan nahiya guda zalunci ne, kuma har gobe za ka ji ana maimaita shi a tarurruka.

Ta ɗaya gefen kuma, sauyin yanayi ya fara zama mafakar masu sakaci, kuma wannan ma ɓata labari ne. Gaskiya ne ayarin masanan da ke bin diddigin bala'o'in yanayi, World Weather Attribution, sun lissafa cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar ruwan da ya jawo ambaliyar 2022 a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80, shekarar da mutum fiye da 600 suka rasu a Najeriya. Su ne kuma suka ce zafin da ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali cikin Afrilun 2024 ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar ba. Amma madatsar Alau tun tsakiyar shekarun 1980 take, kuma ta taɓa sakin ruwa ya ci Maiduguri a 1994. Ruwan sama daban, kula da madatsa daban. Ba iskar kabon ce ta ba da fili a kan hanyar ruwa ba, ba ita ta toshe kwalbati da leda ba. Ɗan jaridar da ya bari jami'i ya rufe kowace tambaya da kalmar sauyin yanayi ya taimaka wajen zubar da darajar kalmar, domin jama'a na gani.

To akwai kuma ƙaryar da aka shirya da gangan, wadda kuɗi ke bayanta. A 1977 wani masani a kamfanin mai na Exxon, James Black, ya bayyana wa shugabannin kamfanin cewa ƙona mai na ɗumama duniya. A 2023 mujallar Science ta buga nazarin da ya koma kan lissafin da masanan kamfanin suka yi tun daga wancan lokacin, ya iske hasashensu ya yi daidai da abin da ya faru, kusan ƙarin digiri 0.2 a kowace shekara goma. Amma a bainar jama'a, shekaru da yawa kamfanin na biyan kuɗin tallace-tallacen da ke cewa maganar ba ta tabbata ba. Ba su bukaci su ce ƙarya ce ba, shakka kawai suka shuka. Mukan ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan ta yi 'ya'ya: shekarun da aka ɓata ana gardama, hayaƙin na ta taruwa, kuma talakan Kayes da na Maiduguri na cikin masu biya. A ƙarshen 2009, makonni kafin taron Kopenhagen, aka sace wasiƙun masanan wata jami'a a Ingila, aka tsinci jimloli aka raba su da mahallinsu, aka yayata cewa an kama su suna ƙirƙirar alƙaluma. Kwamitocin bincike da dama sun duba ba su sami ƙirƙira ba, amma kafin su gama, zargin ya zagaye duniya. A daidai wannan lokacin aka gano cewa rahoton 2007 na kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauko wata magana marar tushe, wai ƙanƙarar duwatsun Himalaya za ta narke kafin 2035. Kwamitin ya amsa kuskuren, amma sakin layi ɗaya ya zama sandar dukan dubban shafuka ingantattu. Shi ya sa nake jin tsoron kashi 90 ɗin nan namu.

A wayoyinmu ƙaryar ta fi zuwa da wata siga. Lokacin da ruwan fiye da shekara guda ya sauka a Dubai cikin yini ɗaya a Afrilun 2024, nan da nan aka ce ai su suka harba magani a gajimare abin ya fi ƙarfinsu. Gaskiya ƙasar na yin wannan aikin na feshin gajimare, amma abin da yake iya yi ɗan ƙari ne a gajimaren da ya riga ya haɗu, kuma masu hasashe sun hango wannan hadarin kwanaki kafin ya iso. Haka ake ɗauko hoton ambaliyar wata ƙasa ko ta shekarun baya a ce yau ne a garin kaza, a tayar wa mutane hankali, har ranar da gargaɗin gaske ya zo a ƙi motsawa. Akwai kuma masu cewa duk zancen makircin Turawa ne don hana mu cin arzikin manmu.

Wannan na ƙarshe ba na son a yi masa dariya, domin zargin yana da inda ya samo asali. Afirka baki ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga ƙona mai ba. Ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 a shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. Wanda ya ga haka yana da hujjar yin fushi. Amma fushin ya tafi inda ya dace. Rashin adalcin yana cikin rabon laifi da rabon asara, ma'aunin zafin kuwa bai yi ƙarya ba. Wanda ya musanta cewa duniya na ɗumama ya yafe wa masu laifin bashin da muke binsu ke nan. Mun kuma ga yadda irin wannan zargin ke aiki a 2003, lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano. Mutanen da ba su manta da gwajin wani magani mai suna Trovan da aka yi a 1996 ba, ba takardar ƙwararru ce ta dawo da su ba. Sai da sarakuna da malamai da matan unguwa masu shiga gida gida suka sa baki.

Saboda haka wanda ya kawo maganar yana da nauyi daidai da maganar. Idan dattijo ya ce ruwa na Allah ne, gaskiya ya faɗa, kuma babu dalilin da zai sa malamin gona ya tsaya jayayya da shi. Mai fita roƙon ruwa shi ne dai mai gyara rumbu. Mun tashi da ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wanda aka sanar da shi shekarun yunwa na tafe, ya sa aka tanadi hatsi tun ana cikin yalwa. Limamin da ya fahimci hasashen damina, ya faɗe shi bayan sallar Juma'a da harshen da mutane ke ji, ya fi taron bita na otal amfani nesa ba kusa ba. Masu nazarin halayyar ɗan'adam ma sun gano wani abu mai amfani a nan. A wani gwaji na 2017, Sander van der Linden da abokansa sun ga cewa idan aka riga aka sanar da mutum irin dabarar da za a zo a yaudare shi da ita, ƙaryar ba ta kama shi sosai idan ta iso. Ma'ana, tun watan Mayu ya kamata gidan rediyo ya ce: za ku ga hotunan ambaliya ana cewa na yau ne, ku tambayi gari da rana da wanda ya ɗauka kafin ku tura.

Abin da ya rage shi ne hasashen kansa, kuma a nan ne amana ke ƙulluwa ko ta warware. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da inda ake tsoron tsayawar ruwa a tsakiya, har da fassarar Hausa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai na tara masanan yankin su fitar da na Sahel. Ilimin yana nan. Amma manomi ba ya shuka da jimlar da ke cewa za a sami ruwa sama da matsakaici. Tambayarsa ita ce: wannan ruwan farko na shuka ne ko na yaudara? In yi binne ko in jira? In sa gero mai saurin nuna ko in tsaya kan irin gida? Kuma dole a gaya masa cewa hasashe rinjaye ne. Idan aka ce bakwai cikin goma, to uku na nan, kuma wata shekarar ukun ne za su zo. Mai gabatarwar da ya mayar da "ana sa rai" ya koma "za a yi" ya ci amanar masanin da manomin gaba ɗaya.

Manomanmu ba masu taurin kai ba ne. A yankin Maraɗi, daga tsakiyar shekarun 1980, an fara barin tohon gawo da kalgo da sabara a gona ana gyara su maimakon a sassabe su tas, abin da ake kira sassaben zamani. Wani ya ga gonar maƙwabcinsa ta fi tasa jure iska da fari, shi ma ya bi, har aikin ya bazu a kadada kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da suka iya gwadawa da idonsu suka karɓa.

Don haka ga roƙona ga hukumomin hasashe da mu kanmu gidajen rediyo. Yadda muke karanta hasashen damina kafin shuka, mu dawo da kaka mu sake karanta shi, mu ɗora shi a kan abin da ma'aunin ruwa ya nuna a kowace ƙaramar hukuma, mu buɗe layi manoma su faɗi ranar da ruwa ya faɗi a garinsu da kwanakin da ya ɗauke. Inda hasashen ya dace a faɗa, inda ya kauce a faɗa, masanin ya zo da bakinsa ya bayyana dalili. Ana iya fara wannan a kakar bana, kuma bai fi ƙarfin kowane gidan rediyo na jiha ba.